Ɗorawar Gonar Baba

Ɗambatta, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na soja. Allah Ya tsare ku a dajin nan. Da yake babu sabis a inda kuke, na ba Kofur Yahya wannan takarda ya kawo maka. Don Allah ka karanta ta har ƙarshe kafin ka miƙe daga inda kake zaune.

Daga asibiti nake rubutu. Baba yana da rai, ka fara riƙe wannan.

Akwai wani kwas da duk ɗan aji ɗaya yake yi a jami'armu. Ba lacca ba ce. Ana haɗa ɗalibai daga sassa daban-daban, su zaɓi abu guda, kowa ya yi masa tambayar fanninsa, duk Laraba a zauna gaban Dakta Ramlat a yi ta muhawara. Mu huɗu ne: Tahira mai karanta shari'a, Zubair na aikin gona, Fahad na likitanci, sai ni ta tarihi. Ni na kawo shawarar ɗorawar nan ta gonar Baba, wadda ke iyaka da gonar Baffa Muntaka. Da alfahari na kawo ta, Yaya.

Jiya muka hau bas daga Rijiyar Zaki zuwa Tsanyawa. Da muka isa gonar, Zubair yana auna kaurin ɗorawar, Fahad yana sassaƙar ɓawo, ni kuma na zaunar da Gwaggo Zuliha a inuwa ina naɗar muryarta a waya. Baba yana tsaye yana murmushi. Sai Tahira ta tambaya, cikin ladabi, wai ta wace ce bishiyar.

Ka san Gwaggo, ba ta iya rage murya ba. Ta ce kakanmu ya dasa gamban iyaka ne yamma da ɗorawa, wato tana cikin gonar Baffa. Ta ce shekarar da Baffa ya tafi ci-rani Kudu, Baba ya tuge gamban ya mayar gabas.

Baffa da ɗansa Dallatu suna sharar gona, taku kaɗan daga wurin. Sun ji komai.

Zan faɗa maka yadda na gani, ba yadda za a faɗa maka ba. Baffa ya taho yana cewa shekara ashirin yana faɗa ana ce masa mahaukaci. Baba ne ya fara duka. Ya ɗaga sandarsa ya maka masa a baki, na ga haƙora biyu sun faɗo a ƙasa. Dallatu ya rugo da gatari. Baba ya kare kansa da hannun dama, sarar ta sauka a tafinsa. Ƙarar da na ji har yanzu tana kunnena. Zubair ya shiga rabo, Baffa da idonsa ya rufe ya sauke masa ƙotar fartanya a ka, ya kife bai motsa ba. Ni na daskare. Fahad, wanda ko allura bai taɓa yi wa mutum ba, shi ya fizge ɗankwalina ya ɗaure hannun Baba. Tahira ta kwanta a kan Zubair tana ihu, "Ɗalibi ne! Baƙo ne!"

An cire wa Baba yatsu biyu. An yi wa Zubair ɗinki tara, ya farfaɗo. Dallatu yana hannun 'yan sanda. Inna ta juya mini baya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Asama'u

Tsanyawa, bayan mako uku

Yaya Abdulrashid,

Salama da gaisuwa irin ta kewa. Yaya jiki, yaya aiki? Inna tana gaishe ka. Hannun Baba yana warkewa, alhamdulillahi.

Saƙonka ya iso, kalma biyar: ku jira ni, ina zuwa. Na san muryarka ko a rubuce, shi ya sa na kasa cin abinci ranar.

Wasu sun riga ka. Ranar Juma'a, maza suna masallaci, 'ya'yan Kawu suka cinna wa rumbun Baffa wuta, wai ramuwar hannun Baba. Matarsa, Inna Aina'u, wadda ta goye ka kana ƙarami, ta shiga tana jawo dammunan gero da hannu. Fatar hannayenta ta saɓule har gwiwar hannu. Da idona na ga ana zare mata awarwaro tana suma. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa ko tsinke ba.

Dagaci ya kira zama. Gwaggo ta tsorata, ta ce ita ba ta tuna ta faɗi wani abu ba. Kowa ya san maganar tana cikin wayata. Kawu ya tare ni a zaure ya ce in goge, ko ya fasa wayar a kaina. Na buga wa Dakta Ramlat ina kuka. Washegari ta zo har gida ta yi wa Baba sannu, ta ce laifinta ne da ba ta koya mana cewa akwai tambayar da ake neman izini kafin a yi ta ba. Game da muryar kuwa, ta ce ba za ta zaɓar mini ba.

Na kai wa Baba wayar, shi kaɗai a ɗaki. Na durƙusa na ce ya goge da kansa idan yana so. Ya ce in kunna. Ya saurara har ƙarshe, yana kallon bandejin hannunsa. Sai ya ce, "Yaya Zuliha ba ta ƙarya. Kai musu."

An saurara a gaban dagaci. Shekaranjiya Baba ya fita gona, ya hana kowa taya shi, ya tuge gamban da hannun hagu ya mayar yamma. Tun hantsi har la'asar yake yi. Baffa yana zaune a kan kunya yana kallo, bakinsa a kumbure. Baba ya aika wa 'yan sanda cewa ya yafe wa Dallatu, ban san ko za su sake shi ba.

Ni kuwa, tun ranar idan na gai da Baba sai ya amsa yana kallon bango. Zan jure.

Laraba za mu gabatar da aikinmu. Zubair ya ce zai zo da ɗinkinsa, wai shi ma sakamakon bincike ne.

Idan ka samu hutu ka zo, Yaya, muna kewarka. Amma ka zo a ɗan gidan nan, ka bar kakin a bariki. Ka taho da man ƙuna mai kyau, kuma ka fara shiga wajen Inna Aina'u. Jiya ta tambaye ni ko kana cin abinci sosai a can.

Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Asama'u