Takalmin Hajara

Zango, daren Talata, watan Azumin Tsofaffi

Barci ya ƙi, jikata Hajara ke rubuta mini. Yau ta dawo daga lakwal, makarantar boko, ba takalmi, 'yan ajinsu sun sake jefa shi bisa soro. Wai gobe ba ta zuwa. Na so in ce ta rama, sai na tuna wata Ladi a Durum mai zuba mini ƙasa a tulu ina yarinya. Na doke ta, tuluna ya fashe. Ba ta bari ba sai da na faɗa wa inna, na riƙa zuwa rijiya da ƙawaye.

"Kaka, in na faɗa wa madam mai koya mana za su ce na yi gulma."

"Su ce. Ki je da ƙawarki, ku faɗa tare."

Ta ci gaba da rubutu. Yanzu ta ce in tashe ta da asuba.