Ni Na Rubuta Sharhin Da Ya Sa Aka Hana Fim Ɗin Aminina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni dattijo ne, na haura sittin, na koyar da Faransanci a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa har na yi ritaya. Ina da amini tun ƙuruciya, bari in kira shi Hamadu. Ubana mahauci ne, nasa dillalin shanu, a mahauta suka saba, mu kuma muka tashi tare har jami'a a kudu. Can muka shiga sahun ɗaliban da ke neman a bar mutane su yi magana, a ƙyale jam'iyyu su yawaita. Ni ke rubuta takardun zuga, shi ke rabawa. Ranar da jandarmomi suka zo, ni suka tarar a ɗaki. Hamadu ya dira ta taga, ya shiga motar shanu mai komawa arewa, daga nan ya bar ƙasar. Wata bakwai na yi a tsare, kunnena na hagu har yau ba ya ji, amma ko sau ɗaya ban ambaci sunansa ba. Shi ya koyi aikin fim a waje, ni na dawo gida ina shaƙar alli.

Da ya dawo ya ce zai yi fim a kan wasu tsofaffi uku, 'yan gwagwarmayar da, waɗanda suka gano cewa wanda ya ci amanarsu yana shirin hawa babban muƙami, suka tashi da ciwon gwiwa da hawan jini za su tona shi. Kwana da kwanaki yana zuwa ƙofar gidana yana tambayata zaman tsare. Na ba shi komai, har yadda nake jiƙa burodi a ruwa saboda haƙorana sun girgiɗe. Aka ɗauki fim ɗin a Garwa da wajen duwatsun Figil.

Jama'a, fim ɗin ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, sai da na yi hawaye, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Jaridun Yawunde da Duwala suka yi ta yabo, aka gayyace shi bikin finafinai a waje. Wani mai sharhi ya ce sai wanda ya ɗanɗani kurkuku da jikinsa zai iya tsara wurin burodin nan. Ina zaune na ji a rediyo ana tambayarsa, "Malam Hamadu, yaya ka jure wannan azaba?" Sai ya ce, "Abubuwa ne da muka sha." Muka! Shi da wa? Sunana kuwa yana can ƙarshen fim da ƙananan haruffa, tsakanin direban mota da mai dafa abinci. Tsofaffin ɗalibaina suna tare ni a kasuwa suna cewa, "Malam, ashe abokinka jarumi ne haka?" In yi murmushi in ce ƙwarai. Ni da nake da littafi rabi a akwati shekara ashirin na kasa gamawa, shi ya zo ya kwashe rayuwata a 'yan watanni ana tafa masa.

Maimakon in same shi in faɗa masa, sai na ɗauki alƙalami. Na rubuta sharhi da sunan ƙarya na aika wa wani shafin intanet. Na ce fim ɗin ƙorafin tsofaffi ne kawai, na ce mai shi bai taɓa kwana a hannun hukuma ba. Da a nan na tsaya da sauƙi. A fim ɗin akwai wani shugaban kamfani, tsoho tukuf, da ya ƙi sauka daga kujera. Duk masu sharhi sun gane da mai mulkin ƙasa ake, suka kau da kai da gangan don kada su ja wa Hamadu. Ni na bi shi fage bayan fage, na warware wa kowa. Na san abin da nake yi? Na sani. Ni da na san ɗakin tsarewar nan da warinsa, ni na nuna wa hukuma hanya.

Sharhin ya bazu a wayoyi. Kafin sati biyu aka soke nuna fim ɗin a Garwa, aka kira Hamadu komisariya, wato ofishin 'yan sanda, sau biyu, aka riƙe fasfonsa. Wanda ya fito a shugaban kamfanin ma'aikacin gwamnati ne mai 'ya'ya shida, an tura shi wani ƙauye bayan Banyo. Shi me ya yi mini?

Juma'ar da ta wuce, bayan masallaci, Hamadu ya zo da ƙunshin kilishi. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya ce, "Kamarad, ka karanta abin nan?" Na ce na karanta. Ya ce, "Mugu ne, amma ya faɗi gaskiya a wuri ɗaya. Ban taɓa kwana a hannunsu ba. Da aka tambaye ni a rediyo kunya ta hana ni cewa gudu na yi. Na ci haƙƙinka, ka yafe mini." Na kasa haɗa ido da shi, na ce, "Haba Hamadu, ya wuce." Sai ya kama hannuna ya ce, "Wata jarida ta yarda ta buga raddi. Kai nake so ka rubuta, da sunanka, ka faɗi cewa labarinka ne. Kowa ya guje ni, kai kaɗai na yarda da kai."

Na ce to. Ranar Litinin suke jira. Na zauna na rubuta, kuma abin kunya, ya yi daɗi, na san za a yaba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da na tuna sunana zai fito da manyan haruffa sai na ji wani sanyi a raina, har yanzu, bayan duk ɓarnar nan.

In na faɗa masa gaskiya, na kashe abotar shekara hamsin a lokacin da ba shi da kowa. In na yi shiru na aika raddin, ƙila ya taimake shi, amma zai ci gaba da gode wa wanda ya haƙa masa ramin. Ga kuma wancan bawan Allah na Banyo da ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Iyayena da ƙannena masu karatu, takardar tana gabana, ban sa hannu ba. Don girman Allah, me zan yi?