Kun Lulluɓe Gidan Kakana da Siminti, Ga Shi Yana Zubewa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gyaran Tsofaffin Gidajen Cikin Gari,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Gidan nan da kuka kafa wa allo a ƙofa, kusa da rijiyar Kusugu, kuka rubuta cewa kayan tarihi ne, kakana ne ya gina shi da hannunsa. Zaurensa ɗaurin guga ne, wato rufin ƙasa mai tulluwa, da azarar giginya, babu ƙusa ko ɗaya. Da bazara, masu gidan kwano suna fifita, mu muna barci hankali kwance. A ɗakin gabas aka ajiye mahaifiyata tana amarya, a nan ta haife ni. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka mukan yi wa gidan yaɓe, mu shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Ban taɓa ganin tsaga a jikinsa ba sai da kuka zo gyara.

Na farko, ba ku tambayi kowa ba. Baba Na-Allah, tsohon maginin da ya koyi aiki a hannun kakana, ya tako da sandarsa ya gaya wa injiniyanku cewa ginin ƙasa numfashi yake yi, in aka rufe shi da siminti ruwa zai shiga ya rasa mafita. Injiniyan ya yi dariya, wai zamani ya wuce nan. Mutumin da bai taɓa cura tubali ba, shi ke koya wa Baba Na-Allah gini! Wallahi ranar na ji kunya, ga takaici.

Na biyu, ma'aikatanku sun sare zankwayen da ke saman kusurwoyin gidan, wai ba su daidaita ba. Suka cire indararo, suka maƙala siririn bututun roba wanda ganye biyu ke toshewa. Suka shafe bango da siminti, suka yi fenti, kuka zo da manyan riguna kuka ɗauki hoto, kuka tafi.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai: kun bar mana takarda cewa kada mu sake taɓa ginin sai da izininku. Bara na ga simintin ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na rubuto neman izini, shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kun ɗaure wa mai ɗakin hannu.

Daminar bana, da la'asar, bangon gabas ya zube. Inna, mahaifiyata, tana tsakar gida tana alwala, ba don haka ba da ta'aziyya kuka zo yi mini, in ma za ku zo. Yanzu tana Sandamu wurin ƙanwata. Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ko an gama yaɓen, tana so ta koma ɗakinta. Ni da furfurata, ƙarya nake yi wa uwata, ina ce mata saura kaɗan.

Zauren yana nan tsaye, amma ba zai ga ƙarshen wata damina a cikin wannan siminti ba. Don haka ina roƙo, ku janye takardarku. Ku bari mu ɓamɓare simintin tun da rani, mu mayar da indararo. A sa Baba Na-Allah a gaba tun yana da sauran ƙarfi, domin daga shi babu wanda ya iya ɗaurin guga a unguwarmu.

Na bar wa masinjanka tubali guda da na tsinto a ɓaraguzan. Shatin yatsun wanda ya cura shi yana nan raɗau. Ka ɗora hannunka a kai kafin ka sake cewa a gaya mini ka fita.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon gyara abin da aka ɓata da sunanka, ya mayar da Inna ɗakinta da ranta.

Wassalam.

Malam Ilu, jikan magini,
Daura.