Abin da Tinto Ke So

Magangué, 3 ga Mayu

Yaya Efraín,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Dilia da yara. Yaya sanyin Bogotá?

Maganar karen Baba ce. Tinto ya kashe kajin maƙwabcinmu Don Abelardo guda biyu, shi kuma ya rantse in aka ƙara ɗaya zai sa masa guba. Ka san halinsa, ba ya faɗa ya fasa.

Likitar dabbobi ta ba ni wani ɗan ƙarfe da ake dannawa ya ce ƙas. Wai da zarar kare ya yi daidai sai ka danna, ka ba shi abin da yake so. To, me Tinto ke so? Na gwada cuku, soyayyen kifi, har ƙwallo. Sai ya shinshina, ya dube ni kamar na zage shi. Baba daga kwance ya ce, "Ke, karen masunci ne wannan, ba ɗan makaranta ba." Abin ya tsaya min a rai.

Ƙanwarka,
Yamile

17 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin autarku?

Ƙanwarka ta tafka shirme. Duk sanda Tinto ya bi kaji sai in danna don ya dawo, ashe yaba masa nake yi! Likita ta yi dariya har da riƙe ciki.

Amma na gano shi. Ran Lahadi na je kwashe ruwan sama daga kwalekwalen Baba, sai ga Tinto a guje, ya faɗa ciki, ya zauna a goshin kwalekwalen yana rawar jiki. Wata biyar rabonsa da kogi, tun da ƙafar Baba ta shanye. Kwalekwale ne ladansa. Sai dai ban iya tuƙi ba, juyi kawai muke yi wuri ɗaya.

Taki... af, taka,
Yamile

29 ga Mayu

Yayana,

Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Baba ya gaji da jin labarin juyina, ya ce a kai shi bakin ruwa. Don Abelardo da kansa ya kama masa kafaɗa, yana mita. A hanya muka ratsa cikin kajin. Tinto ya tsaya, ya kalle su, ya juyo. Na danna. Yanzu kullum da safe sai Baba da Tinto sun shiga kogi, Baba na tuƙi a zaune, kuma kaza ko ɗaya ba ta sake mutuwa ba.

Jiya na ji Baba na waƙa a tsakiyar ruwa, na tsaya a gaɓa ina hawaye. Kunya ce ta kama ni, Yaya. Sati uku na yi ina binciken abin da kare ke so. Baba kuwa wata biyar ina kai masa miya da magani, ban taɓa tambayarsa ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Yamile