Labulen Iya da Kuka Rataya a Kan Dandamali

Zuwa ga Malam Darakta,
Shugaban ƙungiyar da ta nuna wasan kwaikwayon ungozoma bayan Babbar Sallah,
Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da dukan 'yan ƙungiyarka. Sunana Binta, ina aure a Goron Dutse, amma a Sheshe aka haife ni, a gidan Hajiya Yalwa ungozoma, wadda duk unguwa ke kira Iya. Ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci na ƙungiyarka ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba. Ka san kanka, waɗanda suka kalli wasan ma sun san ka. Na je inda kuke gwaji an ce ka fita, na koma an ce kana ganawa, na kira wayarka ba ka ɗauka. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda abin da aka yi mana ma a gaban jama'a aka yi shi.

Na ɗaya, bari in tuna maka yadda ɗakin mahaifiyata ya hau dandamalinka.

Kafin azumi Malam Sani, mai tsara muku dandamali, ya zo gidanmu tare da mataimakiyarsa Rabi. Rabi maƙwabciyata ce a Goron Dutse, tare muke zuwa Islamiyya, 'ya'yana a tsakar gidanta suke wuni. Ta ce mini za ku yi wasa, ana son a gina ɗakin tsohuwar ungozoma irin na cikin birni, ita kuwa ba ta san ungozomar da ta wuce Iya ba. Kamar yadda kowa ya sani, namiji baƙo ba ya wuce soro, don haka Malam Sani ya zauna a kan tabarma tare da yayana suna shan shayi, Rabi ce ta shiga ciki. Ita ta auna bango, ita ta ɗauki hotuna, ita ta zana inda gado yake da inda taga take. Iya har shimfiɗa ta sake don kada a ɗauki gadonta a yamutse, ta kuma sa aka goge mata jeren kwanukanta. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga ta yi fara'a irin ta wannan rana ba.

Da Rabi za ta tafi ta roƙi aron abu biyu: 'yar kujerar da Iya ke zama ta yi wa jarirai wanka, da labulen ƙofarta. Malam, wannan labule ba na kasuwa ba ne. Duk matar da Iya ta karɓi haihuwarta ko ta yi wa jaririnta wanka, ranar suna takan ba ta atamfa, ita kuma sai ta yanki ƙyalle kamar tafin hannu ta ɗinka a jikin labulen. Tun kafin a haife ni take wannan ɗinki. Babu macen da ta haihu a layinmu da ba za ta nuna maka nata ƙyallen ba. Mu 'ya'yanta ko wanki ba ta yarda mu yi masa, amma ta ciro shi da hannunta ta naɗe ta miƙa wa Rabi, ta ce, "Ungo 'yar nan, a nuna wa yaran zamani yadda muka yi."

Na biyu, abin da na gani da idona.

Ranar da kuka fara nunawa na je, ni da ƙanwata da mata huɗu daga Sheshe, mun ci ado kamar masu zuwa biki. Da aka kunna fitilu sai da na dafe ƙirji. Ɗakin Iya ne, babu ragi babu ƙari. Ga koren fenti da shuɗi daga ƙasa, ga gadon ƙarfe mai rumfa, ga tagar da aka toshe gefenta da marfin gwangwani, ga jere, ga kujera, ga labule yana rataye a ƙofa. Wallahi da farko daɗi na ji. Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Binta, ga atamfar sunan ɗana Abba can, mai ruwan goro." Muka yi dariya har na gabanmu suka waiwayo.

Dariyar ba ta daɗe ba. Sai ga tsohuwar wasanku ta ɗaga wannan labule ta fito, ta zauna a kan wannan kujera, ta karɓi kuɗi a hannun boka. A gabanmu ta musanya jaririn wata da na wata. A gabanmu ta ɓoye cibiya da mabiyiya a ƙarƙashin gado don ta sayar. Ta shaƙe jariri da zani ta ce wa uwar bai zo da rai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙanwata ta rufe fuska da mayafi. Matar da ta nuna mini atamfarta ba ta ƙara kallona ba har aka tashi, kuma ba mota ɗaya muka koma gida ba. Jama'a na tafi suna yaba tsohuwar da iya mugunta, ni kuwa ina zaune ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau idan na tuna sai kaina ya ɗaure. Ta yaya mutane masu hankali, 'yan garin nan, za su ɗauki ɗakin mace mai rai, mai sana'ar nan tak, su ɗora shi gaba ɗaya a gaban jama'a, su zuba mata kisan jarirai a ciki, a rasa mutum ɗaya da zai hana?

Na uku, maganar Rabi, wadda na ji kuna neman ku ɗora wa laifin.

Washegari da sassafe na shiga gidanta, kuma ban ɓoye ba, na faɗa mata maganganu masu zafi. Ta bar ni na gama, sannan ta gaya mini abin da ya fi wasan kansa ba ni mamaki. Ashe ba a ba ta labarin ta karanta ba. A ƙungiyarku mataimakan mai tsara dandamali ba sa ganin rubutun wasa, wai don kada a sace muku labari a kai wa wasu. Abin da aka ce mata kawai shi ne ɗakin ungozoma, tsohuwa, cikin birni. A kan wannan ta shiga gidanmu. A kan wannan ta haɗa ɗan ƙaramin ɗaki na kwali aka duba aka yaba, ta tsaya a kan kafintoci da masu fenti har suka fitar da shi daidai da hotunan. Sai a gwajin ƙarshe, saura kwana biyu a nuna, ta zauna ta kalli wasan daga farko. Ta ce da gudu ta same ka ta ce a sauke labulen, a sauya fenti, ɗakin nan na mutum ne sananne. Amsar da ka ba ta, in ji ta, ita ce bakin alƙalami ya bushe, labulen shi ne kyan wurin, ita aikinta katako da fenti, ta bar maganar labari ga masu labari. Idan ba haka aka yi ba, ga fili nan, ka fito ka ƙaryata.

Ban wanke Rabi tas ba. Cikin kwana biyun nan da ta buga mini waya, da da kaina zan zo in ciro kayan uwata. Ta ce tsoro ta ji kada a kore ta, ta kuma ɗauka 'yan Sheshe ba za su zo ba. Wannan kuskurenta ne, kuma ta zo har gidana ta durƙusa ta yi kuka. Amma laifi tudu ne, Malam, kada ka taka naka ka hango nata. Na ji an ce kana faɗa wa mutane kai ba ka taɓa shiga gidanmu ba, mataimakiya ce ta kawo. Gaskiya ne ba ka shiga ba, ai shi ya sa kuka aike ta. Kai da Malam Sani ba za ku iya wuce soron kowa ba, ita ce idonku a cikin gidajen mutane. Fuskarta aka sani, sunan mijinta da na ubanta aka duba aka buɗe mata ƙofa. Duk tabarma da tukunya da ƙwarya da ke kan dandamalinku, da mutuncinta ta aro su. To mutumin da kuke aikawa cikin ɗakin barcin jama'a, shi ne kuka ga bai cancanci ya san me za a yi da abin da ya gano ba? Kun amince mata da sirrin gidajenmu, ba ku amince mata da takardunku ba. Yanzu ga shi ko gidan suna ba ta iya shiga a Sheshe, ana nuna ta da baki.

Kuma ina Malam Sani yake? Shi ai ya karanta labarin. Ya zauna a soronmu, ya sha shayinmu, ya ji yayana na ba shi labarin shekarun da Iya ta yi tana wannan aiki. Ni ba sana'arku na sani ba, amma na ɗauka mai tsara dandamali kan ɗauki taga a nan, gado a can, fenti daga wani wuri, ya haɗa ɗakin da ba na kowa ba. Shi kuwa sai ya kwafe namu ɗungurungum, har da marfin gwangwani. Ko ɗalibin da ke satar amsa yakan sauya suna a saman takarda.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Ba a kwana uku ba guntayen wasan suka cika wayoyi. Wanda bai je ba ya gani a ɗakinsa. A cikin birni kuwa ba sai an rubuta suna ba, labule ya isa. Wasu suka ce ai ba banza ba, da ba su ji wani abu ba da ba za su yi da ɗakinta ba. Wata da ta rasa jariri shekaru da yawa da suka wuce, Allah ne ya karɓi abinsa, yanzu an zuga ta tana tambayar yadda aka yi. Yaran layi sun fara kiran gidanmu da sunan tsohuwar wasanku. Yayana ya kusa dambe a bakin masallaci. Matan da suka girma a hannun Iya, ta gasa musu cibiya ta gasa wa 'ya'yansu, yanzu sai su wuce ƙofarmu da jariri a baya suna sauri. Na san da yawansu ba su yarda a zuci ba, amma wace uwa ce za ta yi caca da ɗanta a kan na ji an ce? Ban ga laifinsu ba. Ku kuka shafa wa Iya kashin kaji, kuma kuna ci gaba da nuna wasan duk ƙarshen mako da labulenta a rataye.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ba diyya nake nema ba.

A sauke labulen da kujerar yau, a dawo mana da su, a sauya fenti da fasalin ɗakin kafin a sake nuna wasan ko sau ɗaya. Ka tsaya a kan wannan dandamali, da kuma a duk inda kuka watsa guntayen, ka faɗa da bakinka cewa ɗakin aro ne daga gidan mutanen kirki, labarin ƙirƙira ne, mai ɗakin ba ta da alaƙa da shi. Ka daina jingina wa Rabi abin da ta zo ta gargaɗe ka a kai, kada kuma a kore ta don ta gaya mini gaskiya. Daga yau duk wanda za ku aika gidan mutane, ku ba shi labarin ya karanta tukuna, ya kuma faɗa wa masu gida me za a aikata a cikin ɗakin, in sun yarda su bayar, in ba su yarda ba Kano da faɗi. Idan mataimaki ya ce muku wannan zai cutar da wani, ku saurare shi, shi ne ya shiga ya ga mutanen.

Roƙona na ƙarshe shi ne ka zo Sheshe da kanka. Iya ba ta san komai ba har yanzu. Ba ta riƙe babbar waya, mun kuma hana jikoki su nuna mata, saboda hawan jininta. Shekaranjiya matar maƙwabcinmu na Sheshe ta haihu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, mijin ma Iya ce ta yi masa wankan farko. Iya na jin kukan jaririn ta tashi ta ɗora ruwa, ta ɗauko sabulu da sabon soso, ta yafa mayafi ta zauna a bakin ƙofa tana jiran a aiko. Ruwan ya huce ta sake ɗorawa. Har aka kira azahar ba wanda ya leƙo. Da na shigo na same ta a zaune da mayafin a kanta, ta dube ni ta ce, "Binta, ko na yi wa wani laifi ne ban sani ba?" Amsar tana wurinka, Malam. Za mu shimfiɗa tabarma a soro, za mu riƙo hannunta mu fito da ita, ka gaya mata da kanka.

Allah Ya ba ka ikon gyarawa, Ya yi wa sana'arka albarka, Ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah Ya kare mahaifiyarka daga ranar da za ta yi wa ɗanta irin wannan tambaya.

Wassalamu alaikum.

Binta, 'yar Hajiya Yalwa,
Goron Dutse, Kano.