Ƙarafan Baba da Tayar Baya

Litinin, 5 ga Mayu

Tayar baya ta gama yawo. Ta suɗe tas, har zare ya fara leƙowa. Yau a kwanar asibiti na taka birki, babur ya yi ta rawa da ni, kwalayen maganin da nake rabawa kamar za su watse a titi. Oga ya ce in na fasa masa ko kwalba ɗaya, a albashina. Ga damina ta ƙarato.

Da na dawo na shiga gaida Baba. Yana nan yadda na bar shi, fuska ga bango. Na ce masa taya ta mutu. Da can wannan maganar kaɗai ta isa ya wanke ni tas: ba na duba iska, ina taka birki kamar mai jin haushin titi, babur ɗin da ya ba ni ina neman kai shi kabari. Yau ko ƙifta ido bai yi ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ce uffan ba. Likita ta ce harshen zai iya, in yana so. In yana so! To me ya hana shi so?

Laraba, 7 ga Mayu

Na je wurin dila. Shago fes, ƙanshin sabuwar roba, shi kuma yana kan kujera mai juyawa yana kaɗa makulli. Kuɗin tayar ma sai da na haɗiyi yawu, sannan ya ɗora kuɗin sawa a kai, kusan rubu'in kuɗin tayar. Wai suna da inji, kafin in gama shan ruwa an gama. Na ce a ba ni taya da tif kawai, zan sa da kaina. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "In ka ɓata kar ka dawo mini da kuka."

Na zura tayar a ƙugu na tuƙo gida. Maman yara na ganina ta fashe da dariya: "Kai da ko ƙwan fitila sai ka kira mai wuta?" Na ce mata tattali nake yi. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, mai tattali.

Gaskiya ina da kuɗin sawar. A aljihuna suke.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na jawo akwatin kayan aikin Baba daga ƙarƙashin gadon Umma. Ƙarafan ɓare taya na naɗe cikin tsohuwar singiletinsa, inda yake riƙewa ya yi sumul. Warin baƙin mai da sabulu. Na daɗe a tsugune ban rufe ba, har Umma ta ce ko wani abu ya cije ni.

Asabar, 10 ga Mayu

Wayyo bayana!

Da hantsi na fara a tsakar gida. Kwance sarƙa da birki bai ba ni wuya ba, na ɗauka na zama gwani. Tsohuwar tayar kuwa ta ce ba inda za ta. Na taka, na danna, na yi gumi har cikin ido. Sai na tuna yadda Baba yake yi: ya kwaɓa ruwan sabulu a kwano, ya shafe bakin tayar, ya ɗora dunduniya a gefe ɗaya, ya bi da ƙarfe kaɗan-kaɗan. Yana yi yana faɗa. Ni aikina riƙe kwano da shan zagi. Bai taɓa kai babur wurin dila ba, wai mutumin da bai san tayarsa ba bai san abin da ke ɗauke da ransa ba. A lokacin Allah-Allah nake ya gama in gudu ƙwallo.

Na dai sa sabuwar da ƙyar. Na buga iska, na miƙe ina hura hanci, sai na ji siiii. Na tsunke sabon tif da bakin ƙarfe. Maman yara ta dai miƙo mini ruwa tana danne dariya, wanda ya fi magana ciwo.

Amma da yamma Umma ta ja ni gefe. Ta ce lokacin da ƙarafan ke ƙara, Baba ya juyo da kai wajen ƙofa. Ya daɗe a haka. Na ce ko dai juyi ya yi kawai? Ta ce, "Ni zan gaya wa juyin mutumin nan?"

Lahadi, 11 ga Mayu

Da sabon tif ɗin da zan sake saye, na riga na wuce kuɗin dila. Mai tattali!

Talata, 13 ga Mayu

A motar haya nake zuwa aiki, babur ɗin wani abokin aiki nake ara in yi rabo. Oga ya fara tsuke fuska. Yaya ta kira daga gidanta, Umma ta ba ta labari. Ta ce in daina wahalar da kaina, in tura wilin wurin dila, ita za ta biya. Na ce ba maganar kuɗi ba ce. Ta ce to maganar mene ce? Sai kuma ta sauya magana, ta ce, "Ya ci abinci yau?"

Muryarsa nake nema, shi ke nan. Ba sai ya sa mini albarka ba. Ko tsaki ne. Ɗazu ina cikin mota na yi ƙoƙarin tuno yadda yake kiran sunana in ya fusata, sai na ji abin ya fara dishewa a kunnena. Tsoro ya kama ni.

Asabar, 17 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Da safe na ce wa Umma a fito da Baba ya sha iska. Muka tallabo shi, ba nauyi ko kaɗan, muka zaunar a kujerar roba, filo a gefen da ya shanye. Na baje kaya a gabansa kamar ban san yana wurin ba. Na kwaɓa sabulu a kwanonsa na da. Wannan karon na ɗan hura wa tif iska kafin in cusa, don kar ƙarfe ya sake cizonsa. Ina yi ina satar kallonsa. Idonsa na kan hannuna, ba ya ɗaukewa.

Taya ta zauna daram. Na buga iska, shiru, ba siiii. Na ɗauki wili zan mayar, sai na ji ƙwas! Ya bugi kujera da hannunsa mai lafiya. Na waiga. Bakinsa na motsi, jijiyar wuya ta tashi. Umma ta saki tsintsiya. Ya nuna tayar, ya ja numfashi, ya ce, "Ki... kibiya."

Na duba. Ashe kibiyar da ke jikin tayar, wadda ke nuna inda za ta riƙa juyawa, baya take kallo. Garin kallonsa na sa ta a juye, in aka yi ruwa zanen ba zai kore shi yadda ya kamata ba. Na tsaya sororo da wili a hannu. Ya sake tattaro ƙarfi, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Sakarai."

Fes ta fito, ba gargada. Umma ta toshe baki da gyale ta shige ɗaki. Ni kuwa na ce, "Na'am, Baba," na duƙa kan tayar don kar ya ga fuskata. Na sake ɓarewa, na juya, na mayar. Duk lokacin da na cusa ƙarfe da yawa sai ya bugi kujera, in sassauta. Fatar yatsuna ta saluɓe, ban ma ji ba sai yanzu.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yau bai yi magana ba. Amma ya ƙi kwanciya fuska ga bango, sai da aka juya shi wajen ƙofa. Yaya ta sa na maimaita mata kalmar a waya har sau nawa, tana dariya tana jan hanci.

Alhamis, 22 ga Mayu

An yi ruwan farko, taya ta riƙe titi gam.

Na biya ta wurin dila a hanyar dawowa. Ya tambayi yadda na ƙare, na ce lafiya lau. Ya leƙa waje ya ce tayar gaba ai da sauranta, za ta kai ni baɗi. Na ce ya dai ba ni. Ya ce a sa a nan? Na ce a'a.

Maman yara ta gan ni da ita a ƙugu, ta buɗe baki, ta dubi ƙofar Baba, ta rufe. Na ce mata ta fara suɗewa ta gefe, ita ce ba ta lura ba. Ta ce haka ne.

Asabar in Allah ya kai mu. Na gaya wa Umma a fito da kujera da wuri. Kibiyar nan kuwa, ni mutum ne mai mantuwa.