Tsakuwa Biyar a Bakin Ruwa

Yaya Bala,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali? Mu nan Warra lafiya lau.

Wasan lissafin da ka koya mini ya jawo mini magana. Kwamfutata ta lalace, sai nake zana gidajen wasan a yashi, ina tura tsakuwa biyar-biyar bisa ƙa'ida, su yi karo su haifi sabuwar siffa. Gari ya ɗauka bugun ƙasa nake. Jiya Tanko masunci ya tsuguna, wai in duba ko ɗansa zai dawo daga Legas. Na ce lissafi ne kawai. Ya ce, "To Malam, lissafa mini."

Kullum tambayar Inna ke nan a kanka, ko za ka dawo.

A sa mu a addu'a, a gaida yara.

Ƙaninka, Sani